Yadda za ki riƙe sana'ar saƙa da saida ulu a Sakkwato ba tare da jarinki ya narke ba

'Yar'uwa, abu na farko da za ki sa a ranki kafin ki sayi ko dunƙulen zare guda shi ne garinmu garin zafi ne. Sanyin da muke samu na gaske bai wuce daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ba, daga nan sai bazara ta shigo, Maris da Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, wa zai kalli suwaita a wannan lokacin? To kin ga kasuwar kayan sanyi wata 3 ce zuwa 4, amma cefane da kuɗin makarantar ɗiya wata 12 ne cur. Duk dabarar wagga sana'a tana cikin yadda za ki haɗa waɗanga biyun.

Mata da yawa sai sun ji iskar hunturu ta fara kaɗawa sannan su zaro kwarashi da kibiya daga ƙasan akwati. Lokacin an makara wallahi. Zare ya yi tsada saboda kowa na nema, launukan da ake so sun ƙare, ke kuma hannu biyu gare ki, mutum goma na jiran aiki, kina saƙa har tsakar dare ido na ruwa, ƙarshe ki ba mutane aikin gaggawa wanda ba za su dawo ba. Ki juya lissafin. Zaren kayan sanyi a saye shi bayan sanyi ya wuce, lokacin da masu shago ke son su rabu da shi, a fara saƙa tun damina ana tarawa, kamar dai yadda masu albasa ke ajiye ta lokacin da ta yi araha su fito da ita in ta yi daraja. In Oktoba ta yi ya kasance kina da huluna da safa da rigunan jarirai a jere cikin leda, aikinki kawai ɗaukar hoto da amsa waya.

Sai maganar zaren kansa, nan zan ɗan daɗe don nan ake asara ba a sani ba.

Mafi yawan ulun da ke kasuwarmu na roba ne, akirilik, irin su Yeye da kowa ya sani. Shina da araha, shina jure wanki, asu bai cin shi, launinsa na da haske, shi ya sa shi ne abincin yau da gobe na mai saƙa. Amma bai shan zufa, kuma wani na da kaushi a fata. Akwai na auduga, wanda ya fi dacewa da zafinmu, bai da ɗumi sosai amma jiki na shan iska a cikinsa. Akwai wanda ake cewa milk cotton mai laushi da ake kawowa daga Chaina, iyaye mata na son shi ƙwarai don jarirai. Akwai mai kauri mai kama da karammiski da ake bargo da 'yar tsana da shi, ya fi kowanne ɗaukar ido a hoto amma shina cin kuɗi kuma in kinka yi kuskure kinka warware sai ya zube. Sannan na Turkiyya irin su Alize da YarnArt da Himalaya da Nako, masu kyau ne babu musu, sai dai kada ki zuba jarinki na farko a kansu sai in kina da wadda ta riga ta ce tana so kuma ta biya.

In mai shago ya ce miki wanga auduga ne zalla kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yanki ɗan tsawon yatsa ki je gida ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Na roba zai narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Auduga za ta ci wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Ulun tumaki na asali kuwa warin ƙonannen gashi zai yi. Minti guda kin gane abin da anka saida miki.

Ki koyi karanta takardar da ke naɗe jikin dunƙulen. Akwai nauyi, wani giram 40, wani 50, wani 100, kuma ido na ruɗi, dunƙule biyu za su yi kama da girma ɗaya alhali ɗaya an naɗe shi sako-sako ne. Akwai tsawon zaren a mita, akwai lambar launi, akwai kuma wata lamba ta rini, wadda ke nuna tukunyar da anka rina su tare. Wagga lamba ta ƙarshe ita ce mutane ke rainawa. Shuɗi biyu masu lambar launi ɗaya amma rini daban, a cikin shago ba za ki ga bambanci ba, sai kin gama bargo an shanya shi a tsakar gida rana ta haska sannan ki ga rabi ya fi rabi duhu, kuma babu gyara. Don haka duk aikin da za ki yi, ki sayi zaren da zai ishe shi gaba ɗaya lokaci guda, ki ƙara dunƙule ɗaya a kai.

Wurin saye kuma, in kaɗan ne ki shiga Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ki zaga wajen masu kayan ɗinki, ki tambayi shago uku kafin ki ciro kuɗi. In sari ne na fakiti-fakiti, daga Kano ko Legas ya fi sauƙi, sai dai kuɗin mota na iya cinye ragin in kayan ba su da yawa. Abin da ya fi shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu masu saƙa ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin kawowa. Kuma karon farko da wanda ba ki sani ba a intanet, ki gwada shi da kaɗan tukuna, ki sa ya ɗauko miki bidiyon zaren a hasken rana, ba hoton da ya kwafo wani wuri ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwarashi masu lamba 3 da 3.5 da 4 za su yi miki yawancin aikin jarirai, 5 ko 6 na zare mai kauri, kibiyoyi saiti biyu, almakashi, tef na awo, babbar allura mai dakushin baki ta ɓoye bakin zare. Amma abin da nake roƙonki ki saya ko da za ki fasa wani abu shi ne ɗan sikelin kicin mai batir wanda ke auna giram. Shi ne zai gaya miki gaskiyar sana'arki.

Ga yadda ake yi. A ce dunƙule mai giram 100 kin sayo shi naira 2,000, misali ne kawai, ke ki sa farashin da kinka tarar a kasuwa. Kenan kowane giram naira 20. Kin gama hula da safa na jariri, kin ɗora a sikeli sun yi giram 60, to zare ya ci 1,200. Sai ribom da ledar sakawa da kason kuɗin keke napep da na data, a ce 300. Sai kuɗin hannunki, wanda shi ne mata ke mantawa kamar ba aiki sunka yi ba. In aikin ya ci awa 4 kuma kin yanke wa kanki 400 a awa, 1,600 kenan. An tashi 3,100, kuma har yanzu ba ki ci riba ba, kin dai maida kuɗin kaya kin biya ma'aikaciya, wadda ita ce ke. Sai ki ɗora riba a kai, ki ce 3,700 ko 4,000. In kinka ga kasuwa ba za ta ɗauki wanga farashi ba, ba kuɗin hannunki za ki yanke ba, salon za ki canza zuwa wanda ya fi sauri ko ki koma zare mai sauƙi.

Wani abu kuma da ya zama dole tun 2023, da anka cire tallafin fetur kuma naira ta faɗi: ki zanka lissafi da farashin da za ki sake sayen zaren yau, ba wanda kinka saye shi wata huɗu da sunka wuce ba. Zare mai yawa daga waje yake zuwa, dala ta motsa shi ma ya motsa. In kinka saida da tsohon farashi za ki ji daɗi kaya sun ƙare da wuri, sai kin koma kasuwa ki ga kuɗin fakiti 10 fakiti 7 kawai za su ɗauko. Haka jari ke narkewa a hankali mutum na ganin kamar shina ciniki.

Kuɗin da ya shigo ki raba shi uku tun a ranar. Na zare daban, ba a taɓa shi ko da baƙi sun zo babu nama a miya. Na hannunki shi ne naki na kashewa. Riba kuma ta shiga adashi ko wani asusu da ba ki riƙe katinsa a jaka. Yanzu buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay ba wuya, ki ware guda na sana'a kaɗai. Kuma in an ce an turo, ki buɗe manhajar ki ga kuɗin sun zauna da idonki, kada ki yarda da hoton rasit, ana yin na bogi. Littafi ɗan 40 lif ya isa ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da wanda ake binki da wanda kike bi.

Bashi. Wanga shi ne ya fi kashe mu, kuma ba baƙi ke kashe mu ba, na gida ne. Gwaggo za ta shigo ta ɗaga rigar jariri ta ce "kai ɗiyata, hannunki na da kyau, ba ni wagga in kai barka gidan wance, in an yi albashi sai in aiko." Ke kuma kunya ta hana ki magana. Ba rashin ladabi ba ne ki rusuna ki ce "Gwaggo ki yi haƙuri, wagga ta jari ce, in ta fita babu kuɗi ba ni iya sayo wani zaren, amma ki ba ni rabi yanzu in aje miki." Mafi yawansu za su gane, wasu ma su ƙara ganin girmanki. In kuma kyauta kike son yi don zumunci, ki yi ta da sunan kyauta, ki cire kuɗin daga naki kason ki maida wa jari, hankalinki kwance ladarki cikakke. Aikin oda kuwa, musamman mai suna a jiki ko launin da mutum ɗaya ne zai so, ba a fara shi sai da kafin alƙalami wanda aƙalla ya biya kuɗin zaren gaba ɗaya. Ki tura wa mai odar saƙo a rubuce: launi kaza, girma kaza, ranar karɓa kaza, saura kaza. Ranar da za ki faɗa kuma ki ƙara kwana biyu ko uku a kan abin da kike zato, don gidan aure ba a rasa abin da zai taso.

Mi za ki saƙa? Kayan jarirai su ne gaba, don haihuwa ba ta da lokaci kuma barka da suna ba sa ƙarewa a garin nan. Kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36 a kewaye, sai ki yi hular ta ɗan gaza haka kaɗan saboda saƙa na miƙewa. Ki tanadi ƙanana sosai na bakwaini, su ne sunka fi kowa buƙatar hula don ɗumin jikinsu na saurin fita, kuma iyayensu na shan wahalar samun daidai su a kasuwa. Nan ina roƙonki da Allah ki kula: kada ki sa duwatsun ado ko ƙananan maɓallai da yaro zai iya cirewa ya haɗiye, kada ki sa doguwar igiya a wuya, kuma ki juya cikin safa da safar hannu ki tabbatar babu zaren da ke lilo, don siririn zare na iya naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu uwa ba ta lura ba sai kuka ya yi yawa. Ki gaya wa uwar kuma in rana ta ɗaga a cire masa kayan roba kada ƙurajen zafi su feso masa.

Bayan jarirai sai 'yan makaranta. Makarantun kuɗi na son suwaita mai launin yunifom, kuma wanga ciniki tun Satumba ake nemansa, ki ɗinka samfur guda mai kyau ki kai wa shugabar makarantar unguwarku ta gani da hannunta. Sai hular sanyi ta manya, 'yan kabu-kabu da masu gadi da masu fita asuba. Akwai kuma bayin Allah da ke sayen huluna da yawa su raba wa almajirai sadaka in sanyi ya tsananta, irin waɗanga ki yi musu farashin sari da zuciya ɗaya, saƙa mai sauƙi mai kauri wadda ke rufe kunne, launi mai duhu da ba ya nuna dauɗa.

In zafi ya shigo ba zama za ki yi ba. Lokacin ne na jakunkunan hannu, jakar waya, abin ɗaure gashi na 'yan mata, takalman jarirai na auduga, shimfiɗar tebur da kayan adon ɗakin amarya, ga kuma Sallah da ake neman 'yan kunne da jakar yara masu shiga da atamfa. Kuma lokacin ne saida zaren kansa ke riƙe ki. Ribar dunƙule kaɗan ce amma ba ta cin awa huɗu na rayuwarki, kuma matan aure da yawa a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo ba za su iya shiga kasuwa don dunƙule biyu ba, in sun san akwai a maƙwabta za su aiko yaro. Ki fara da launukan da ba sa kwantai, fari, ruwan madara, shuɗi mai haske, ruwan hoda, toka, baƙi da ruwan goro. Ki koya wa 'yan mata biyu ko uku saƙa lokacin hutu da ɗan kuɗin koyo, gobe su ne masu sayen zarenki, kuma su ne za su kama miki aiki in oda ta yi yawa. Ki biya su da kyau a kan kowane abu da sunka gama.

Ajiya ma aiki ce. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, farin zare kwana kaɗan ya koma ruwan ƙasa, ga gara ga ɓera, ga laima in damina ta zauna. Babban bokitin roba mai murfi ko leda mai zif, a ɗaga daga ƙasa, shi kenan. Abu biyu ne ba na so ki yi. Kada ki sa kafur a cikin kayan jarirai, wannan farin ƙwallon da ake sawa a akwati na iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kai. Na biyu, ki nisanta zare da kaskon turaren wuta da gawayi da risho. Zaren roba na kama wuta da sauri, kuma lokacin iska ne lokacin gobara, duk wanda ke garin nan bai manta da abin da ya faru a Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021 ba, Allah Ya kiyaye gaba Ya mayar wa waɗanda sunka yi asara da alheri.

Talla kuma ba sai kin wahala ba. Hoto da safe a inuwa kusa da ƙofa, a kan farin zani mara zane, ba da daddare da fitilar waya ba don tana canza launi sai a zo ana rigima an ce ba shi anka gani ba. Ki sa WhatsApp Business ki jera kayan da farashinsu a fili, mutane da yawa na jin nauyin tambaya sai su wuce. Ɗan gajeren bidiyon hannunki kina saƙa a TikTok ko Instagram ya fi hoto goma jan mutane, ba sai fuskarki ta fito ba. Cikin gari ki samu ɗan kabu-kabu guda amintacce wanda maigida ko yayanki ya sani. Na Birnin Kebbi ko Gusau ko Tambuwal ko Illela kuma a kai tasha a ba direba, a rubuta lambar mai karɓa ɓaro-ɓaro a jikin ledar, ki tura mata lambar direban, kuɗin mota nata ne kuma ki faɗa mata tun farko. Kowane kaya ki sa 'yar takarda ciki: a wanke da ruwan sanyi da hannu, kada a murɗa, a shanya a kwance a inuwa, kada a sa dutsen guga. Guga mai zafi na kashe zaren roba ya saki har abada, kuma ke za a zaga ba dutsen ba.

Maganar injin saƙa, kada ki yi gaggawa. In odar makaranta ta fara fin ƙarfin hannu to lokaci ya yi. Yawancin waɗanda ke yawo na hannu ne, wato waɗanda anka riga anka yi amfani da su, irin na Brother, kamfanin ya daɗe da daina ƙera su, don haka ki tafi da wadda ta iya a gwada a gabanki. Mai allura 200 shi ne na zare siriri, kuma wanda ba na lantarki ba ya fi mana, ko babu wuta kina aiki. Ki sa a zaro miki doguwar sandar nan mai soso da ke danne alluran, in soson ya mutu ya lafe injin zai ta zubar da saƙa ki ɗauka lalacewa ya yi alhali soso kawai za a canza. Ki duba alluran da sunka lanƙwashe, ki tambayi inda za ki samu wasu kafin ki biya. Kuma kullum a rufe shi da zani saboda ƙura.

Ki tausaya wa jikinki. Ki zauna inda bayanki ke jingine, ki tashi ki miƙe yatsu ki juya wuya duk bayan ɗan lokaci, baƙin zare da rana ake saƙa shi, da dare a yi mai haske kusa da fitila mai kyau. In yatsu sun fara dindiris ko wuyan hannu na zogi ki aje kwarashin kwana biyu, in bai daina ba ki je asibiti.

Ƙarshen Fabrairu in iska ta kwanta, ki zazzage duk abin da ya rage a tabarma ki ƙirga. Abin da ya ƙare da wuri ki rubuta shi da launinsa da girmansa, shi za ki fara saƙawa bana. Abin da ya yi kwantai, in mai kyau ne ki wanke hannu ki naɗe shi a leda ya jira baɗi, in salon ne mutane ba su so ki rage kuɗin ki fitar da shi ko ki warware ki maida zaren wani aiki. Guntayen zare kuma kada ki zubar, ki tara su launi-launi a leda, su ake haɗa bargo mai gida-gida da furannin da ake liƙawa a hular 'yan mata. Sannan ki ɗauki kuɗin jarin nan da ba ki taɓa ba ki shiga kasuwa sayen zaren sanyi mai zuwa.